Ranar da Surukina Ya Koma Majalisa Daga Kan Gadonsa

Kwanakin baya na je Kiru wurin 'yata ta biyu, wadda take da shagon buga takardu. Ina zaune a kan benci ina shan ruwa, sai wata mata ta shigo ta latsa salularta. Can a lungu injin buga takarda ya yi tari, ya tofo takarda. Na duba ƙasa, na duba bango, ban ga igiyar da ta haɗa su ba.

Na ce, "Ke, wa ya gaya wa wancan abin ya yi aiki?"

Ta ce, "Baba, ka ga ɗan akwatin can mai ƙahoni a kan kanta? Shi ne waifai. Duk abin da ke shagon nan, kwamfuta da salula da injin bugawa, ta iska suke magana da shi, shi kuma ya miƙa saƙon ga wanda aka aika wa. Amma sai kana kusa. In ka kai bakin titi wajen 'yan acaɓa, ya sake ka. Bango ma yana rage masa ƙarfi. Kuma ba ya karɓar baƙo sai na ba shi kalmar sirri."

Na ce, "Kowannensu yana magana, kuma yana ji?"

"Kowanne, Baba."

"Ba sa yi wa juna ihu?"

"Bi da bi suke yi. Saurin ne ya sa ba ka lura."

Na ajiye kofin. Na ce mata, ai wannan aikin ni na fara shi a ƙasar nan, tun tana tsotson yatsa. Ta yi dariyar da 'ya'ya ke yi wa iyaye in sun ga tsufa ya fara taɓa su. To, tunda ita ba ta yarda ba, bari in ba ku labarin, ku yi mana hukunci.

Ni dai karatuna na boko a aji biyu ya tsaya, kuma na daɗe a ajin nan har malamin ya fara gaishe ni kamar abokin aikinsa. Sana'ata a farkon shekarun casa'in ita ce tallan maganin ɓera. Ina cin kasuwar Kiru da ta Bebeji a kan keke, in hau mota zuwa Tudun Wada, wani lokaci har Doguwa. A gaban keken ina rataye 'yan busassun ɓeraye, don mai saye ya ga makomar maƙiyinsa. Ban taɓa cewa maganin ne ya kashe su ba, kuma ba wanda ya taɓa tambaya.

Abin da ya bambanta ni da sauran masu talla shi ne makirufona. A birnin Kano na samo shi. Ba shi da igiya, sai wata 'yar jela da ke lilo a gindinsa, da batir ɗaya a ciki. In ka kunna shi, ka murɗa rediyo zuwa ef-em, can ƙarshen layi inda ba tasha sai shuuu, sai ka ji muryarka ta fito. Nakan ɗaure rediyo a kan keke in ƙure murya, ni kuma in shiga cikin mutane hannu a aljihu. Keke yana can shi kaɗai yana ihu, "Ɓera ya ci, ɓera ya mutu!" Tsofaffi suna ja da baya suna a'uziyya. Wata rana a Tudun Wada wani tela yana neman waƙa a rediyonsa ya faɗo kaina. Ya zo har inda nake ya ce in fita masa daga shago. Daga nan na gane abin ba rediyona kaɗai yake shiga ba, duk rediyon da ke kusa nasa ne.

Ni ɗan garin Ba'awa ne, aure ne ya kai ni na zauna a sabon garin da aka tsugunar da su maiɗakina bayan ruwan dam ɗin Tiga ya cinye tsohon garinsu. Mahaifinta, wato surukina, dattijo ne mai kwarjini. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya sai in cire takalmi in durƙusa, in gaishe shi ina kallon ƙasa, ya amsa yana kallon sama. Hirarmu ke nan ta shekara da shekaru. Na kuma san sana'ata ba ta kwanta masa ba, don an ce in zancena ya taso a gabansa, sai ya ja carbi da ƙarfi.

Dattawan garin suna da majalisa a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, daga la'asar zuwa magariba. Hirarsu ɗaya ce kullum: tsohon gari. Da baki suke sake gina shi. Nan rijiya take, nan marina, nan gidan wane, ta nan ake bi a je rafi. In gardama ta kaure, surukina ne alƙali, don shi ya fi kowa riƙe garin nan a kansa. Mutum ɗaya ne yake iya ja da shi, taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Shi wannan tsohon, da ruwa ya cinye gonarsa sai ya bi ruwan, ya koma sana'ar su, wato kamun kifi. Kowannensu yana kiran ɗaya bawansa, kuma in ba su zagi juna ba ranar, to ɗaya ba shi da lafiya.

Bayan wata damina ƙafafun surukina suka riƙe. Ya kwanta. Da farko 'yan majalisa suna zuwa dubiya, amma dubiya ba hira ba ce. A shigo a ce sannu, Allah ya ƙara sauƙi, a yi shiru, a tashi. Ko taubashin nasa da ya zo, maimakon ya zage shi sai ya yi masa addu'a, abin da ya fi komai ɓata wa tsohon rai. Aka ce a riƙa ɗaukarsa ana kai shi gindin darbejiya. Ya ce shi ba buhun masara ba ne da za a sauke shi a gaban bawansa. Majalisa kuma ba ta tashi daga gindin bishiyarta ta koma cikin gidan mata.

Sai ya daina cin abinci. Maiɗakina ce take kai masa, kullum ta dawo da kwano kamar yadda ta tafi da shi. Wata rana ta dire kwanon a gabana ta zauna ta yi tagumi.

Ta ce, "Malam, ba ƙafa ce za ta kashe Baba ba. Shiru ne."

Na ce, "To in shiru ne, ai maganinsa yana jakata."

Ta ce, "In maganin ɓera za ka kai masa, ka bari in tafi gidanmu tukuna."

Washegari na je majalisa na durƙusa na faɗi abin da nake so in yi. Dattawa suka dubi makirufon, suka dube ni. Taubashin ya ce, "Wato da wannan abin da kake kiran ɓeraye za ka kira bawana? Ya dace. Rataya."

Na rataye shi a reshe, na ba maiɗakina rediyo ta kai ɗakin mahaifinta. Ba a ji komai ba sai shuuu. Tsakanin masallaci da gidan da 'yar tafiya, ga kuma rumfar injin niƙa ta kwano a tsakiya. Na je na karɓo rediyon na riƙa takowa daga gindin bishiya ina saurare. Ina wuce rijiya murya ta fara rawa, ina shiga bayan rumfar kwano ta ɗauke. Mutane suka fito suna kallona, ina tafe da rediyo a ka kamar mai tallan fura, in yi gaba in dawo baya.

Daga ƙarshe na samo doguwar gora, na ƙara wa jelar makirufon waya, na ɗaure ta a kanta na kafe ta sama da rassa. Can gidan kuma na ƙara wa eriyar rediyo tsawo da wayar burkin keke, muka zura ta ta taga ta haye katanga. Ni ina waje, maiɗakina tana ciki, don ba zan shiga ɗakin surukina in tsaya masa a ka ina murɗe-murɗe ba. Can sai na ji tarin liman ya fito tar daga cikin ɗakin. Na yi tsalle har hulata ta faɗi.

Ranar na kwana ina ganin ba wanda ya kai ni basira daga nan har Doguwa. Ban san na ɓata abin ba ne.

Ga abin da ya faru a ɗakin washegari, kamar yadda maiɗakina ta ba ni labari. Da tsohon ya ji muryoyin mutanensa, sai ya sa ta tayar da shi zaune. Ya sa hula. Ya gyara murya, ya fuskanci rediyo ya ce, "Salamu alaikum." Majalisa ta ci gaba da hirarta. Ya sake yin sallama da ƙarfi. A daidai lokacin taubashin ya faɗi wani abu, aka fashe da dariya. Shi tsohon a saninsa, in kana jin mutum to shi ma yana jin ka. Haka duniya take tun da aka haife shi. Ya yi sallama an ƙi amsawa, an kuma bi shi da dariya.

Ita kuma ta kasa buɗe baki ta ce masa ba sa jin sa, don kada ya zama ta nuna masa bai gane ba. Ni kuwa ba ni da bakin yi masa bayani.

Abin bai tsaya nan ba. Taubashin ya san ana jin sa, sai ya gyara zama ya kawo labari. Wai da ruwa ya ja baya, ragarsa ta maƙale a kan wata bishiya a tsakiyar dam, ya leƙa ya ga babbar tsamiyar tsohon gari ce, wadda take ƙofar gidan mahaifinsa shi taubashin. Tsamiyar nan kuwa kowa ya san surukina yana cewa kakansa ne ya shuka ta a ƙofar gidansu. Taubashin ya yi haka ne don ya tsokano shi, irin wasansu. Dattawa suka biye masa suna "ƙwarai, haka ne." Tsohon yana can yana daka wa rediyo tsawa, yana kawo hujja, ba mai tanka masa. Da ya gaji ya cire hular, ya juya fuskarsa bango. Ya ce wa 'yarsa ta fitar da abin nan, tun yana da rai an raba gadonsa.

Ranar ko ruwan kunu bai karɓa ba. Maiɗakina ta dawo ta ajiye mini rediyona a gabana ta juya ta shige ɗaki. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Da safe na hau keke na nufi Kiru wurin wani mai gyaran rediyo da muke shan shayi tare ranar kasuwa. Na zayyana masa komai. Ya yi dariya har ya ƙona yatsa da ƙarfen liƙa waya.

Ya ce, "Kai ka ba mutum kunne ka hana shi baki. Sai ka nemo makirufo na biyu ka ba shi, ka ajiye wani rediyon a majalisa."

Akwai wani sanƙira a Bebeji mai irin nawa, yana shelar biki da shi. Na same shi na roƙa. Ya ce zai ba ni aro in zan raba shi da ɓerayen da suka hana shi barci. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Na koma wa mai gyara, ya kunna su biyun a gaban rediyo ɗaya, suka shaƙe juna, ba a jin ko ɗaya. Ya buɗe cikin na sanƙiran, ya juya wani ɗan sukuru kaɗan, ya ce yanzu kowa da layinsa, wannan a ƙarshe, wancan a tsakiya. Ya ɗiga mini jan fenti a jikin rediyon don kada in manta, tunda ya san tsakanina da lambobi sai gaisuwa.

Sauran aiki shi ne shawo kan tsohon. Wannan maiɗakina ce ta yi shi, kuma ba ta ce masa bai gane ba. Cewa ta yi laifin mijinta ne, ya kawo rabin kaya ya manta rabi, shi ya sa sallamarsa ba ta isa ba. Ta ce da jin haka sai ya juyo ya ce, "Ai na san za a rina." Kun ga amfanina a gidan nan.

Da la'asar aka taru. Na ajiye rediyon liman a tsakiyar tabarma a kan layi na biyu, na durƙusa a gefe riƙe da makirufona. Can gida an damƙa wa tsohon nasa, an nuna masa inda zai tura da babban yatsa. Aka ɗan taɓa hira. Sai kawai rediyon ya saki wani irin kuka, wiiiii, kamar an taka wutsiyar kare. Dattawa suka toshe kunne, wani ya bar takalminsa. Ashe in an kunna duka biyun lokaci ɗaya, murya ce take zagayawa, ta fita nan ta shiga can ta dawo, har ta zama ihu. Cikin ruɗewa na kashe nawa. Kukan ya tsaya cak.

Sai muka ji, a hankali, daga cikin rediyo: "Salamu alaikum."

Ban taɓa jin an amsa sallama irin ta ranar ba. Sai da suka gama na tuna nawa a kashe yake, bai ji ba. Na jira ya saki nasa, na kunna, na ce su maimaita. Suka maimaita har da ƙari, liman yana share ido da gefen rawani.

Daga nan muka samu tsari. In kukan nan ya tashi, to tsohon ne ya tura maɓalli yana son magana, sai in kashe nawa. In ya gama ya saki, in kunna. Kukan ya zama gyaran muryarsa. Kuma bai ɓata lokaci ba. Wiiiii.

"Ina bawan nan nawa mai warin kifi?"

Taubashin ya matso kusa da hannuna har ina jin numfashinsa. "Ga ni, bawana. An ce ka mutu, har na fara zaɓen wanda zan ɗauka cikin awakinka."

Wiiiii. "Tsamiyar da ka ce ragarka ta kama, in ka tsaya a gindinta ka fuskanci alƙibla, me ke hannun damanka?"

"Rijiya."

Wiiiii. "Ƙarya kake. Turken jakin babana ne. Rijiya tana bayanka. A cikinta ka faɗa kana yaro, garin satar tsamiyar, babana ya ciro ka da ƙugiyar guga ta wando. Mutum yana satar abin ƙofar gidansu?"

Majalisa ta kece da dariya. Amma ba ita kaɗai ba. Daga bayan katangu, gida gida, sai ga shewar mata tana tashi. Ashe labari ya zaga, duk mai rediyo a unguwar ta murɗo layinmu. Mu ba mu da kalmar sirri, kowa ɗan gida ne. Wata tsohuwa da ba ta fita ma ta aiko a faɗa wa majalisa cewa ita ta wanke wandon.

Taubashin ya ɗaga hannu ya ce ya bar masa tsamiyar, ya je ya ɗauko abarsa a ƙarƙashin ruwa. Suka shiga rijiya, suka shiga marina, suka bi gari lungu lungu, tsohon yana mayar da kowane gida inda yake. Yatsana ya gaji da kunnawa da kashewa. Ana dab da kiran magariba kukan ya sake tashi.

"Wa ke riƙe da abin nan a wajenku?"

Liman ya ce, "Surukinka ne."

Ni dai kaina yana ƙasa, ko da yake ba ya gani na.

Wiiiii. "To ku gaya wa mai maganin ɓeran nan, Allah ya yi masa albarka. Ku kuma gaya masa ya sauke busassun ɓerayen nan daga kekensa. Tun bikin 'yata nake ganin su, har na san fuskokinsu."

Aka yi mini dariyar da har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi. Maganarsa mafi tsawo ke nan a kaina tunda na shigo gidansa, kuma duk gari ya ji.

Dattawa suka fara miƙewa za su yi alwala. Ni ina jira ya saki maɓallinsa in kashe kaya in tattara, amma bai saki ba, ya manta. Sai muka ji ƙarar murfin kwano. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya inda yake, buta a hannu. Muka ji an ja kwano a kan tabarma. Aka jima. Sannan muryar tsohon, ba da majalisa yake ba:

"Ke, wannan miyar ai ba ta kai ko'ina ba. Ƙaro."

Taubashin ya sunkuya kan rediyon ya ce, "Ci a hankali, bawana, kada ka cinye mini gado." Bai ji shi ba, don nawa a kashe yake, ni kuma ban kunna ba. Na bar shi ya ci abincinsa.